Ramin da Ya Huce

Shekara goma sha tara Hallbera ba ta taka garinsu ba. Ranar da ta sauka daga motar Reykjavík, ta tarar da yayarta Steinunn cikin gidan gilashi tana tsinkar tumatir, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Lale da 'yar birni. Gawa kika zo gani? Kin yi sauri, da sauran numfashinta."

"Haba Yaya, ko gaisuwa babu?"

"Ja min ƙofa, kar sanyi ya kashe min shuka."

Mahaifiyarsu tsufa ya rikita ta, ba ta gane mutane, ba ta karɓar komai sai burodin ƙasa, baƙin nan da ake binnewa da tukunyarsa a ƙasa mai zafi, ya wuni ya kwana yana dahuwa. Abu ɗaya Hallbera take so: ta ba tsohuwa burodin da hannunta, ko ta gane ta sau ɗaya kafin ta cika.

Ta kwaɓa, ta rufe tukunya, ta hau tudun bayan gari inda tururi ke tashi ko'ina. Ramin gidansu yana nan, har dutsen da babansu ya ɗora a kai. Ta zura safar hannu mai kauri don gudun ƙuna, ta binne. Steinunn ta biyo ta, ta harɗe hannu tana kallo.

Washegari Hallbera ta tono, ta buɗe. Kash! Ɗanyen kwaɓi, sanyi ƙalau.

"Tun girgizar ƙasa ramin nan ya huce, zafin ya koma can gangare," in ji Steinunn. "Kowa a garin nan ya sani. Da kin leƙo mu ranar da gilashi ya ruguzo mana a ka, da ke ma kin sani."

"Kina kallona kika yi shiru? Muguwa kawai!"

"Na ji. Ɗauki kwaɓinki."

Hallbera ta ji kamar ta jefe ta da tukunyar. Steinunn kuwa ta gangara sabon rami ta tono nata burodin, yana ta ƙamshi, suka nufi gida.

A bakin gado Steinunn ta yanka, ta shafa man shanu, ta sa wa tsohuwa a baki. Tsohuwa ta tauna a hankali, ta kama hannun Steinunn ƙam.

"Hallbera, 'yar albarka. Ke kaɗai kike tunawa da ni." Sai ta dubi Hallbera da ke tsaye. "Wannan baƙuwar fa?"

Steinunn ta goge wa tsohuwa haɓa, ba ta juyo ba.

"Shekara shida ke nan ina ba ta," ta ce, "kullum ke take gode wa."