Turmin Umm Jabbar

Masu cewa Nuriyya ta zubar da girmanta ranar da ta shiga gidan shayin maza da taɓarya a kafaɗa, su zo su zauna su ji yadda aka yi, tunda ba sa wurin kuma bakinsu ya ƙi hutawa. Ba haka kawai ta tashi ba. Taɓa ta aka yi.

Nuriyya, wadda unguwa ke kira Umm Jabbar, a Abul Khasib aka haife ta, cikin gonakin dabino. Can ta yi aure, can ta binne mijinta. Da gwiwoyi suka fara ba ta wahala, ɗanta Jabbar ya ɗauko ta ya kawo ta cikin Basra, gidan sama, inda taga ke kallon bangon wani. Ranar kwasar kaya ya ce turminta ba zai shiga mota ba, zai koma ya ɗauko. Turmin icce ne, ya yi baƙi don tsufa, na uwarta ne, uwar ma gadonsa ta yi. Taɓaryar kam ba ta yarda ta sake ta ba. A kan cinya ta riƙe ta har Basra, ta tura ta ƙarƙashin gado. Duk sanda ta tambayi turmin sai Jabbar ya ce, "Yana nan, Yumma, yana wurin ajiya."

Abin da ya sa ta haƙura da zaman gidan sama ɗaya ne, jikarta Shahad, 'yar Jabbar ta fari. Yarinyar a bayanta ta girma, da yatsunta ta koyi cin shinkafa. Sai ga shi ta shiga karatun likitan dabbobi, aka kai su mayanka wata rana, ta dawo gida ido ya kumbura, ta ce ita da duk abin da ya fito daga jikin dabba sun raba hanya.

"Naman na ji," in ji Nuriyya. "Kifin fa? 'Yar Basra ta ƙi kifi? Kifi ya taɓa yi miki kuka ne?"

"Bibi, shi ma rai gare shi."

"Ƙwai fa? Kaza ta ajiye ta yi gaba, ba wanda ya zare mata ido."

"Ba na ci."

"Nono? Man shanu? Zuma?"

"Zumar ma, ƙudan ne suka tara wa kansu."

"To madalla. Saura ki ce ruwa na kwaɗi ne, mu bar musu."

Shahad ta yi dariya, ta sumbaci kan kakarta, ta shige kicin ta yanka tumatir da kokwamba. Nuriyya ta ɗauka kwana biyu za a yi a manta. Ba a manta ba. Damina ta wuce, zafi ya zo ya wuce, yarinya na nan kan bakanta, kuma lafiyarta ƙalau, kumatu ma ta ƙara.

Faɗan baki bai dami Nuriyya ba, shi ne abincinta. Abin da ke cin ta shi ne duk girkin da ta iya a duniya da man shanu yake farawa. Ta yi kleca, wannan biskit ɗin dabino da ake gasawa, ƙamshi ya cika bene, Shahad ta shinshina ta ce, "Allah ya bar mana hannunki, Bibi," ta wuce ba ta taɓa ba. Ta gwada yi da man gwangwani, ya fito kamar tubali, ita kanta ta jefa wa tsuntsaye. Tun daga ranar mayankar nan ko loma ɗaya daga hannunta ba ta shiga bakin yarinyar ba. Wanda bai goyi yaro ba ba zai san zafin wannan ba.

Ana nan sai aka ba Shahad aiki can arewa, a Erbil, ranar Asabar za ta tafi. A gidan Nuriyya kuwa ba a taɓa yin wanda ya kama hanya ba guzuri daga hannunta ba. Mijinta da zai je Hajji ya tafi da nasa. Jabbar da aka ɗauke shi soja ya tafi da nasa. Yanzu wadda ta fi so duk cikinsu ce za ta fita da biskit na leda daga kanti?

Intisar, matar Jabbar, ta gan ta zaune ta yi tagumi, ta sunkuyo ta ce a hankali, "Khala, ki yi klecarki da man shanu, ki ce mata da man zaitun kika yi. Ina za ta sani?"

Nuriyya ta dube ta sama da ƙasa. "Yarinyar da in na ce mata buɗe baki take buɗewa ba tambaya, ita zan yi wa ƙarya a cikin abinci? Tashi ki ba ni wuri."

Tana faɗin haka sai madguga ta faɗo mata a rai. Abincin masu hawan dabino kenan a Abul Khasib: busasshen dabino, riɗi, markaɗaɗɗen riɗi, ɗan hel don ƙamshi. Ba ya ganin wuta, ba nono, ba ƙwai, ba man shanu, kuma yana yin wata bai canza ba. Tun kafin a haifi masu cewa ba sa cin dabba talakawa ke cin sa suna aiki har rana ta faɗi. Turmi kawai yake so.

Intisar ta kawo injin markaɗenta, ta ce zamani ya wuce daka. Aka zuba dabino, inji ya yi gurnani, ya yi wari, hayaƙi ya fito ta gindinsa, ya yi shiru.

Da Jabbar ya dawo daga aiki, uwarsa na tsaye a bakin ƙofa. "Turmina. Yau. Ba gobe ba."

Ya sosa ƙeya, ya dubi takalminsa, ya dubi rufi. Daga ƙarshe dai ya faɗi gaskiya. Abokinsa Abu Muhannad ya buɗe gidan shayi a bakin kasuwa, yana tara kayan da don ado, ya ga turmin ya yaba, shi kuwa ya ce ya ba shi.

"Je ka karɓo."

"Yumma, kyauta ce. Namiji ba ya ba da abu ya koma ya ce a maido masa. Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da idon da ka kalle ni kana min ƙarya."

"Zan sayo miki sabo, wallahi, babba."

"Ka sayo sabuwar uwa ka haɗa da shi."

Washegari da hantsi ta yafa abayarta, ta ɗaure dabino da riɗi a jaka, ta jawo taɓarya daga ƙarƙashin gado, ta sauka benen nan tana tsine wa kowace matakala.

Gidan shayin cike yake da maza, ana buga domino, ana kaɗa cokali a ƙananan kofuna. Ga turminta nan a bakin ƙofa, tsakanin tsohuwar rediyo da fitilar ƙwai. An cusa masa furen roba ja da ruwan ɗorawa. Furen roba! A cikin turmin da ya ciyar da gida uku!

Wani ya hango ta ya ce, "Jama'a, wanda bai kwana a gida ba jiya ya gudu, ga hukunci ya iso!" Aka kwashe da dariya.

Abu Muhannad ya fito da sauri yana goge hannu, mutum mai tumbi da fara'a. "Marhaba da Hajiya! Kin haskaka mana wuri. A kawo wa Hajiya kujera, a kawo shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Wannan turmina ne."

"A kaina da idona, Hajiya. Amma Jabbar ne ya ba ni, a gaban mutane. In na bari ya fita ta ƙofar nan ba da bakinsa ba, na kunyata shi, gobe gari ya ce ya yi kyauta uwarsa ta zo ta ƙwace. Ya zo da kansa ya faɗa, sai in ɗora masa a ka."

"Watau ba zai fita ba."

"Ki yi haƙuri."

"To kada ya fita."

Ta tumɓuke furen ta damƙa masa a ƙirji. A ƙasan turmin har da guntun taba guda. Ta ɗago shi da yatsu biyu, ta nuna wa ɗakin kaf, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da ita. Ta ce a ba ta ruwan zafi daga tukunyar shayi, da gishiri, da lemon tsami. Ta durƙusa a kan waɗannan gwiwoyin nata ta wanke turmin, ta sake wankewa, ta goge shi da gefen mayafi kamar fuskar jariri. Sannan ta zauna ta cire ƙwallayen dabino, ta zuba, ta miƙe, ta yi bisimilla, ta ɗaga taɓarya.

Dum. Dum. Kofuna suka yi rawa a kan tire. Masu domino suka ajiye.

Sai dai hannun da ya yi daka a Abul Khasib ba shi ne na yau ba. Ba a jima ba kafaɗa ta fara zafi, numfashi ya gagara, taɓarya ta koma sauka a gefe. Dabino kuwa ko laushi bai fara ba. Ta tsaya ta jingina da taɓaryar, idonta ya kawo ruwa, don haushi ba don komai ba.

Wani tsoho mai farar hula, Hajji Abbud, ya taso daga lungu. "Madguga ce, 'yar'uwa?"

"A'a, siminti nake kwaɓawa."

"Rabona da jin wannan ƙarar tun uwata na da rai. Wa za a yi wa?"

"Jikata. Jibi za ta tafi Erbil, kuma ba ta cin komai nawa."

Bai ƙara tambaya ba. Ya naɗe hannun riga ya karɓi taɓarya. Nuriyya ta zauna a gindin turmi, in ya ɗaga ta sa hannu ta juya dabino, in ya sauke ta janye. Da ya gaji wani direba ya karɓa, daga shi sai tela, daga tela sai Abu Muhannad da kansa, furen roba na soke a aljihunsa.

"Tsakiya, kai!" in ji Nuriyya. "Turmin ne ya zage ka? Duk wannan tumbin ba ƙarfi a ciki?"

"Hajiya, tausayi!"

"Kun ji tausayin turmin da kuna zuba masa toka?"

Dabino ya sallama, ya haɗe, ya fara sheƙi. Ta riƙa barbaɗa riɗi kaɗan kaɗan, ta tsiyaya markaɗaɗɗen riɗi, ta murtsuke hel a tafin hannu ta watsa. Ƙamshi ya danne na shayi da na taba, har masu wucewa suna leƙe.

Labari ya riga ya kai gida. Sai ga Jabbar ya shigo fuska ba jini, Shahad na bayansa tana haki.

"Yumma, don Allah, a gaban mutane..."

"A gaban mutane ka bayar. Karɓi."

Ya karɓi taɓarya. Ya yi daka da rigar ofis, gumi na ɗiga daga haɓarsa, abokansa na masa kirari, har sai da mai ya taso ya kwanta a saman dabinon, ya daina manne wa icce. Nuriyya ta ce ya isa. Ta gutsuro, ta dunƙula a tafin hannu, ta mirgina cikin riɗi, ta juya wajen jikarta.

Shahad ta durƙusa a gabanta. "Bibi, me da me ke ciki?"

"Dabino daga bishiya. Riɗi daga ƙasa. Hel. Sai gumin ubanki, shi kuwa ban sani ba ko cikin dabbobi kike lissafa shi."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da Jabbar. Shahad ba ta miƙa hannu ba. Baki ta buɗe, yadda take yi tana ƙarama, Nuriyya ta sa mata. Ta tauna, ta rufe ido, ta kama yatsun kakarta ta riƙe a kumatunta.

"Ƙara min."

"Kwaɗayayya. Guzurinki ne, kada ki cinye tun a nan." Amma ta ƙara mata.

Abu Muhannad ya yi gyaran murya. "Na samo mafita, jama'a. Ba zan mayar wa Jabbar ba, don kada ya ji kunya. Na ba Hajiya turmin nan kyauta."

"Ka ba ni?" Nuriyya ta ɗago. "Kayan uwata za ka ba ni kyauta? Jabbar, faɗa musu na waye."

Jabbar ya goge fuska. "Na mahaifiyata ne. Ba nawa ba ne da na bayar. Abu Muhannad, ka yafe ni." Ya sunkuya ya sumbaci kanta. "Ke ma ki yafe ni, Yumma."

"Sai ka kai shi sama tukuna."

Ta ba duk wanda ya taɓa taɓarya dunƙule ɗaya, Hajji Abbud biyu. Sauran ta jera su a gwangwani, ta danne murfi. Jabbar ya saɓa turmi a kafaɗa ya ratsa kasuwa, ita tana biye da taɓarya, Shahad rungume da gwangwani, kuma ba wanda ya mutu don kunya.

Ranar Asabar Shahad ta hau mota da gwangwanin a kan cinya, ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya. Da la'asar ta bugo waya, ta ce ko Bagadaza ba su kai ba ta ci rabi, matar da ke kusa da ita ta taya ta da saura.

"Abin da zai kai ki wata? Ke da wa kuka haɗa ciki?" Nuriyya ta yi ta faɗa har wayar ta yi zafi. Tana ajiyewa ta leƙa falo, inda Jabbar ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo.

"Tashi, je ka sayo dabino. Busasshe, kada su liƙa maka mai laushi. Kuma in ka dawo ka canza wannan rigar, daka na jiran ka."