Kakar Nitzia a Shafi na Arba'in da Biyu

Shekara ashirin da uku ina gyaran littattafan haraji a ofishinmu na birnin Panama, kuma doka ɗaya nake fara karanta wa duk ɗalibin da aka turo mini koyon aiki: ba a kama sunan kowa. Littattafanmu jagora ne ga ma'aikatan haraji na ƙasashe masu tasowa, don haka in za a ba da misali sai a ce "Malama X a Ƙasar A". Malama X ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta kai ƙara, shi ya sa muke ƙaunarta.

Nitzia Barsallo ta zo mana wata shida, daga jami'a. Abin da ke kawo ɗalibai wurinmu ba wani abu ba ne illa layin ƙarshe na shafin godiya. Wanda ya gama lafiya a sa sunansa can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, da shi yake neman aiki. Nitzia kuwa tun ranar farko ta ba kakarta da ta rene ta albishir cewa sunanta zai fito a littafi, kakar kuma ta shelanta wa duk unguwar Santa Ana.

Na ba ta babin masu sayar da abinci a bakin titi da ba su yi rajista ba. Wani masani ne ya rubuta shi, wanda na rantse bai taɓa tsayawa gaban kaskon suya ba. Yarinya ta karanta sau uku ta ce, "Doña Hercilia, wallahi ban gane komai ba."

"Ba a ce ki gane ba, 'yar nan. Gyara aka ce ki yi."

Ashe ta nemo wa kanta dabara. Ta buɗe kwafi na biyu, duk inda aka ce Malama X sai ta sa Doña Eudocia, wato kakar tata, wadda ita ma ba ta yi rajista ba, da layinsu, da rumfar da take soya hojaldra, irin fankenmu na Panama, tun asuba. Da haka babin ya shiga kanta, ta kuwa gyara shi tsaf. Sai dai ranar Juma'a da aka ce ta tura wa masu dubawa a ƙasashe goma sha tara, wannan kwafin ta tura.

Litinin da safe shugabanmu, Licenciado Samaniego, ya kira mu. Masu dubawar nan da sai mun yi wata muna roƙo kafin su ce uffan, ga shi goma sha ɗaya sun amsa a kwana biyu. Ɗaya ma tambaya yake ko hojaldrar da cuku ake ci.

"Kin tona asirin kakarki ga ma'aikatan haraji na ƙasa goma sha tara," in ji shi. "Ko maƙiyinta sai haka!"

Ya jawo shafin godiya ya soke sunanta a gabanmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma dokata ce ta taka, me zan ce? Nitzia ba ta yi kuka ba sai da muka fito. Na ce ta je ta gaya wa tsohuwar da bakinta.

Washegari da azahar sai ga Doña Eudocia, da laima a hannu ɗaya, kwandon hojaldra a ɗayan. Ba ta tsaya wurin mai gadi ba. Ta dire kwandon a kan takardun Licenciado ta ce, "Kai ne babba a nan? Karanto mini abin da kuka rubuta a kaina."

Bawan Allah ya gyara tabarau ya buɗe shafi na arba'in da biyu. Tana ta gyaɗa kai har ya iso layin masanin da Nitzia ba ta taɓa ba: wai tsoron hukuma ne ya hana ta rajista.

"Tsoro? Ni? Ɗana, ni da na yi shekara talatin ina korar mashaya da matsami? Tun biyar na asuba nake kan wuta har biyu na rana. Kafin in wanke kasko in hau mota, an rufe tagar ofishin rajistar. Sau uku ina zuwa. In na bar rumfa da safe, kai za ka riƙe mini suyar?"

Licenciado ya ce a hankali, "To ya kike ganin za a yi, Doña?"

"Su zo mana! Ai kullum suna zuwa cin abinci, su riƙo takardar mana."

Ni dai ban san lokacin da na zaro jan birona ba. Awa guda tana magana ina rubutawa, shi kuma yana cin hojaldra ta uku. Shawarar da ta fi kowace amfani a babin nan, cewa ma'aikata su riƙa bin masu sana'a har rumfunansu, daga bakinta ta fito.

Da za ta tafi ta ce, "Sunana ku cire ko ku bari, ba ruwana. Amma na gaya wa unguwa sunan yarinyar nan zai fito. Kada ka mai da ni maƙaryaciya da furfurata."

A littafin dai Malama X ta koma mazauninta, doka doka ce. Ranar da aka kawo shi daga maɗaba'a na raka Nitzia har rumfar. Ta buɗe shafin godiya ta nuna wa tsohuwar: Eudocia Barsallo a jerin masana, tsakanin wasu daktoci biyu, sannan can ƙasa Nitzia Barsallo.

Tsohuwar ta kanne ido ta daɗe tana kallo. "Naki ne ɗan mitsitsin nan? Kuma a ƙarƙashin nawa? To, haka ya kamata."

Ta ɗora babban yatsanta mai maiƙo a kan sunan jikar tata, ta danna. Ni da nake mayar da littafi maɗaba'a saboda ɗigon tawada ɗaya, ina kallo man ya bazu a takardar, ban hana ta ba.