Zankon Waldek

Mirek ya shigo shagona wata Talata da hantsi, ina tsaka da rina wa wata tsohuwa furfura. Shekara talatin da 'yan kai rabona da shi. Ya ajiye tumbi, kan nan tal babu gashi ko ɗaya, ya ɗaura ɗan gyale a wuya irin na mutanen Warszawa, babban birninmu, masu ji da kansu. Da can Kwaɗo muke ce masa, saboda tsallen da yake yi in yana kaɗa ganga. Na ce masa idan aski ya zo yi, ya makara.

Ya yi dariya, ya jira tsohuwar ta tafi, sannan ya ce fim zai yi a kan Waldek.

Waldek yayana ne. Shi ne mawaƙin ƙungiyarsu ta 'yan fank, masu kiɗan hayaniya da tawaye, su huɗu, suna haukansu a ɗakin ajiye gawayi na gidan su Mirek. Jirgin ƙasa ya kashe shi a tashar garinmu a bazarar 1984, yana da shekara goma sha tara.

Na san irin finafinan nan. Duk bayan shekara biyu sai wani mai tumbi ya tuna ya taɓa zama yaro, ya tara 'yan samari masu fararen haƙora, ya sa musu rigunan fata na gaske. Mu fatar kujerar bas muke yankowa mu ɗinka. Kuma fim ba ya wari, mu kuwa warin giya mai arha da safa muke yi. Duk da haka ina zuwa kallo, kuma ina kuka, ina jin haushin kaina.

Abin da Mirek ke so a wurina shi ne zanko. Ni ce nake tayar wa Waldek gashinsa, tun ina koyon aikin gyaran kai. Babu man tayar da gashi a kanti a lokacin, sai dai ruwan sukari da sabulun wanki. Sukarin ma da katin rabo ake samunsa, don haka cokali-cokali nake sata a gwangwanin Mama, ita kuma tana zargin maƙwabta. Nakan kwantar da kansa a kan teburin kicin, in shafa, in ja, in busar, har gashin ya miƙe tsawon tafin hannu. Da rani ƙudan zuma ke bin sa har coci, in ya ga damar zuwa.

"Masu kwalliyar da na ɗauko sun yi sau uku," in ji Mirek. "Kyau ya yi yawa. Naki nake so, Bożenka, mai karkacewa hagu."

Na tambaye shi yadda fim ɗin zai ƙare. Ya ce yadda kowa ya sani. 'Yan sanda sun kama Waldek kwana biyu kafin tafiya babban taron waƙa, sun aske shi ƙwal. Ranar tafiya ya gan su a tasha, ya jefe su da kwalba, suka bi shi, ya tsallaka layin dogo bai duba ba.

Haka garin ya sani, har wasu yara sun rubuta sunansa a bangon tashar. Ni na san ba 'yan sanda suka aske shi ba. Ni na aske shi.

Mu huɗu muke a ɗaki ɗaya da kicin. Baba ya yi shekara goma sha huɗu a layin masu jiran gida daga masaƙar da yake aiki, kuma sunansa ya zo kusa. Aka ce wani ɗan kwamiti zai zo ranar Juma'a ya ga irin iyalin da za a bai wa. Aka kuma raɗa wa Baba cewa maganar kan ɗansa ta kai ofis. Baba ya roƙi Waldek, ya zage shi, ya sake roƙonsa, a banza. Ranar Alhamis da azahar Waldek ya dawo daga gidan burodin da yake aikin asuba, ya kwanta a gefe ɗaya kamar kullum don kada zankon ya karye. Mama ta buɗe jakar aikina, ta zaro almakashi ta miƙa min. Na karɓa. Ina son ɗaki nawa ni kaɗai, wannan ita ce gaskiya.

Gashin ya yi tauri da sukari, yana ƙara in an yanka. A yanka na uku ya farka. Ya shafa kansa, ya dubi abin da ke kan matashi, ya dube ni. Na zaci zai mare ni. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ba ni baya.

"Ƙarasa," ya ce.

Na ɗauko injin aski na hannu na ƙarasa. Da yamma ya je wurin abokansa ya ce 'yan sanda ne. Ko kunya ce ta sa, ko ni yake rufa wa asiri, ban samu na tambaye shi ba. Gidan kuwa an ba mu shi da shekara ta zagayo, ɗaki uku, ɗaya ba mai kwana a ciki. Ni da Mama ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko bayan rasuwar Baba.

Na amsa wa Mirek. Na ce wa kaina zan gaya masa kafin a ɗauki wurin askin, ya san abin da zai yi da fim ɗinsa. Kullum sai in ce gobe.

Yaron da ke fitowa a matsayin Waldek sunansa Tymek. Wata takwas yana tara gashi. Ba ya shan giya, ba ya cin nama, kuma yana ce min Pani Bożena, wato Malama haɗe da cikakken sunana, da ladabin da Waldek bai taɓa yi wa kowa ba. Ba su yi kama ba, sai ƙeya. In ya kwantar da kai a teburi ina shafa ruwan sukari, ƙeyar nan ce sak, har ɗan ramin da ke tsakiya. Yakan tambaye ni yadda Waldek yake tafiya, da abin da ke ba shi dariya. Wata rana ya ce yana jin haushin bai zo duniya a zamaninmu ba, mu ne muka yi rayuwa ta gaske. Na ce masa ya riƙe kansa da kyau kada ruwan ya shiga kunne.

Mako uku ina tayar da zankon nan kowace safiya. Na ji daɗin kwanakin, ba zan ɓoye ba. Mirek ya nemo tsofaffin abokai biyu da suka rage, ɗaya da sandar dogarawa, suna zaune a gefe suna gardama a kan wa ya fi wa rashin iya jita. Har ƙudan zuma sun zo, masu ɗaukar hoto suna ta kora.

Ranar askin aka shirya wani ɗaki a tsohuwar tasha ya zama ofishin 'yan sanda. Sau ɗaya za a iya ɗauka, tunda gashi ba ya dawowa. Aka bai wa mai fitowa a ɗan sanda injin hannu ya gwada a kan gashin roba, ya yi kaca-kaca da shi, injin yana cizo yana tsayawa. Sai Mirek ya ce a sa min rigar ɗan sandan, hannuwa kawai za a nuna.

Nan ne ya kamata in yi magana. Mutum talatin na kallona, fitilu na ƙona min fuska, aka naɗe min hannun riga. Biyu suka danne Tymek a kujera, yana fizge-fizge yana zagi kamar yadda aka rubuta masa. Waldek na gaske bai motsa ba a waccan ranar. Na ɗora hannu a ƙeyar, na fara. Gashin ya yi ƙarar nan. Ban san lokacin da na gama ba, sai ji na yi an tafa, wata yarinya mai riƙe da waya tana share hawaye.

Na sami Mirek a bayan tashar yana shan taba, kusa da bangon da ke da sunan Waldek. Na gaya masa duka, ban rage komai ba sai sunan Mama. Bai juyo ba.

"Sau biyu 'yan sanda suka aske ni," ya ce. "Ba su taɓa zagaye min kunne ba, Bożenka. Yanka suke bari, da tsibi-tsibin gashi. Kan Waldek kuwa kamar za shi ɗaurin aure."

Na ce ashe ya sani. Ya ce tun yammacin da Waldek ya zo musu da kai a aske ya sani, su duka sun sani, amma labarin ya yi musu daɗi, ƙungiyarsu ta samu suna a kwana biyu. Ya jefar da tabar ya taka.

"Ranar tafiya ni na fara hango su a tasha. Ni na ce masa, ga waɗanda suka aske ka can, za ka ƙyale su? Na san ƙarya ce, shi ma ya san na sani. Me zai yi in bai ɗauki kwalbar ba?"

Na tambaye shi ko zai sa wannan a fim. Ya ce Waldek ya ce 'yan sanda ne, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ba zai iya canza maganarsa ba. Na ji kamar in tofa masa yawu, sai na tuna rigar da ke jikina.

An nuna fim ɗin a garinmu wata Lahadi da la'asar, bayan shekara guda. Mama ta dage sai ta je, da shekarunta tamanin da uku da idonta da ya yi rauni. Ta sa rigar coci. Aka zaunar da mu a gaba. Ɗakin ya cika da yara masu rinannen gashi da rigunan fata na kanti, suna bin waƙoƙin Waldek da baki, waƙoƙin da a zamaninsa mutum ashirin ba su sani ba. Mama ta yi dariya da aka nuno wurin satar sukari, ta ce ashe ni ce.

Sai aka zo ɗakin 'yan sanda. Hannuwana suka cika bango, kowane yatsa ya kai tsawon mutum, ga tabon ƙunar ƙarfen gashi a babban yatsan dama. Yaran suka fara fito suna zagi. Wani a bayanmu ya ce Allah ya sa hannun nan ya ruɓe. Na cusa nawa a ƙarƙashin jakata.

Mama ta lalubo jakar, ta ɗaga ta, ta kamo hannun daman. Ta sa yatsanta a kan tabon, idonta na kan bango.

"Hannu huɗu ne, Bożenka," ta ce a hankali. "Biyu kawai suka nuna."

Ba ta sake ni ba har aka kunna fitila.