Ranar da Malam Alkasum Ya Daina Zuwa Tasha

Shekara biyu cur Malam Alkasum yana zuwa tashar Illela kullum da hantsi. Sai ya zauna a bencin mai shayi, duk motar da ta tsaya ya miƙe ya leƙa fuskokin fasinja ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa Lawali yake jira, wanda ya tafi ci-rani Libiya, wayarsa ta daina shiga tun damina ta farko. Ga tsohon da hawan jini. Sau biyu yana faɗuwa cikin zafin rana, ana kawo shi gida a amalanke, har likita ya ce in aka yi ta uku ba lalle ya tashi ba.

A haka autarsa Nafisa ta dawo daga jami'a a Yamai, inda ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam. Yarinya ce mai kaifin kai, kuma tana son ubanta kamar ranta, wannan ba a ɗauke mata ba. Abu biyu ta riƙo daga wani malaminta, tana ji da su kamar ita ta haife su. Na farko, kada ka ɓata lokaci kana haƙar zuciyar mutum kana neman dalili. Dubi abin da yake yi, da abin da ke biyo baya, domin aikin da ke samun lada shi ke maimaituwa. Na biyu, bayani kamar hauya ne, a gona ake gane na ƙwarai: in ya ba ka ikon canja abin da kake son canjawa, to gaskiyarsa ke nan. Malamin yakan ce waɗannan biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ɗaya ba ya tafiya sai da ɗan'uwansa.

Kwana bakwai tana lura da gidansu, sai ta ce ta gano. Da tsohon ya dawo daga tasha za a shimfiɗa tabarma, a kawo fura, Tsahara matar Lawali ta durƙusa gefe, shi kuwa ya yi ta labarin ɗansa ana matsar hawaye. Ladan da yake samu ke nan.

Ta ja Tsahara madafa ta ce, "Daga yau, in Baba ya ambaci Yaya Lawali, mu tashi ba magana. In ya yi zancen gona ko tumaki, mu zauna mu ba shi hira har shi gaji."

Tsahara ta dafe ƙirji. "Surukina shina magana in tashi? Nafisa, wanga wane irin karatu na?"

"Kin hi son a kawo muna gawatai daga tasha?"

Tsahara ta sauke hannunta daga ƙirji, ta amince.

Abin ya yi wa Nafisa ciwo, ba wai bai yi ba. Ranar farko da ta tashi ta bar shi da baki buɗe, bayan rumbu ta je ta yi kuka. Amma littafi ya ce abin zai tsananta kafin ya lafa, ya kuwa tsananta. Tsohon ya riƙa kiran sunan da ƙarfi, yana bin su da ido. Ganin littafi bai yi ƙarya ba sai ta ƙara taurin zuciya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mai shi kuma ba ya jin nauyinsa.

A mako na biyar, wata Laraba, ya dawo tun kafin azahar, hularsa a hannu. Bai nemi tabarma ba, a dakali ya zauna.

"Nafisa, zo ki ji. Lawali..."

Ta ɗauki ƙwaryar da ke gabanta ta shige ɗaki. Ya kira Tsahara, ita ma ta ja mayafi ta rufe fuska ta wuce. Washegari ya sake gwadawa, ranar Juma'a ma haka. Daga nan bai ƙara ba, tasha kuwa ko hanyarta bai sake kallo ba. Yana cin tuwonsa, yana shan maganinsa, yana yini a ƙarƙashin bishiyar bedi da carbi.

Nafisa ta kira malaminta cike da murna, ya ce ta rubuta komai, abin misali ne. Tsahara da kanta ta ce ashe boko ma magani ne. Gida ya yi sanyi, aka koma dariya.

Bayan an gama girbin gero, wata ranar kasuwa, wani ramammen mutum ya yi sallama da jaka a kafaɗa. Tanimun ne, abokin tafiyar Lawali. Tsahara na tsakar gida, hannunta jawur da lalle, tana shirin zuwa suna. Ya durƙusa ya ajiye jakar a gabanta.

"Ina haƙuri? Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta. Ku gahwarce ni, sai jiya na iso."

Tsahara ta dube shi, ta dubi jakar. "Shi wa?"

Tanimun ya juya wajen tsohon a ruɗe. "Baba, ba ku hwaɗa musu ba? Ai ni da ku munka yi magana ta wayar direba, nan tasha. Kwana hamsin ke nan. Gini ya hwaɗo mishi a Sabha, da hannuna na sa shi kabari."

Ƙarar da Tsahara ta yi ta tara maƙwabta. Nafisa kuwa ta zauna a ƙasa. Ta lissafa kwanakin baya, lissafin ya kai ta kan Larabar nan daidai. Ashe ba dabararta ce ta hana shi zuwa tasha ba. Wanda yake jira ne ya ƙare. Kwana hamsin ba zaman makoki, ba sadaka, matar mamaci tana yawon biki, ita kuma tana rubuta nasara a takarda.

Ta rarrafa gaban ubanta. "Baba, don mi ba ku hwaɗa ma liman ba? Ko wani a masallaci?"

"Mutumin da ɗiyatai ta tashi shina magana, da wace huska za shi kai zance waje?"

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ta kama gefen rigarsa tana kuka.

"Ku hwaɗa min yanzu, Baba. Ga ni zamne. Wallahi ba ni tashi."

Malam Alkasum ya zare rigarsa daga hannunta a hankali, ya laluba takalmansa.

"Na gama kukana ni ɗai, Nafisa. Tahi ki yi naki. In kin gama ki hiddo tabarmi ƙohwar gida, mutane za su zo."