Ku Karanta Gaba

Dutsen farko gilashin tagarsa ya samu, na biyu kuma ya tsallako katanga ya faɗo mini a kan keken ɗinki. Na fito da almakashi a hannu ban ma sani ba. Layinmu ya cika maƙil da maza, duk waɗanda na sani, wasu ma ni na ɗinka rigunan da ke jikinsu. Suna dukan ƙofar maƙwabcina suna cewa maci amana ya fito.

Maƙwabcin nan nawa tsohon malamin tarihi ne da ya yi ritaya daga jami'a. Baba Hujja muke ce masa, don ko cewa ka yi jiya an yi zafi sai ya tambaye ka ina hujjarka. Ɗalibai kan kawo masa rubutunsu ya duba a baranda, ni kuma ina jiyo su ta katanga. Na sha jin ya kori mutum saboda ya rubuta "kowa ya sani". Wai wane ne kowa, a ina ya faɗa, a wace shekara? Ni da ban gama sakandare ba har na haddace karatun: ka faɗi abin da kake son tabbatarwa, ka kawo maganar wanda bai yarda da kai ba da dukkan ƙarfinta, sannan ka rushe ta da shaida. Tsoho ne mai taurin kai da ban haushi, kuma ina ƙaunarsa kamar shi ya haife ni.

Rigimar a kan filin bayan unguwa ce, inda yaranmu ke ƙwallo mu kuma muke shanya. Mutanen tsallaken kwata sun ce na kakanninsu ne. Hukuma ta kafa kwamiti, ƙungiyar unguwarmu ta roƙi Baba ya rubuta tarihin filin a kai musu. Ya yi watanni yana yawo tsakanin ɗakin adana tsofaffin takardu da gidajen dattawa. Da ya gama ya kai shagon buga takardu, sai mai shagon ya ɗauki hoton shafi na biyu ya tura a waya. A shafin nan ne Baba ya jera hujjojin 'yan tsallake, ya kuma jera su fiye da yadda su da kansu za su iya. Kafin rana ta karkata hoton ya zaga unguwa, aka ce tsoho ya sayar da mu.

Bai jira sun ɓalle ƙofar ba, da kansa ya buɗe. Ya fito da tabarau a hanci da takardun a ƙirji, kamar wanda zai shiga aji.

"Shafi ɗaya kuka gani," in ji shi. "Ku karanta gaba."

Wani ya zabga masa mari, tabaran ya yi tsalle ya faɗa kwata. Aka fizgo shi ta wuyan riga daga kan dakali, ya kifa a ƙasa, takardun suka watse. Suka rufe shi da shuri. Ina ihu ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya waiwayo. Allah ya sa na yi wurgi da almakashin kafin na kutsa cikinsu, don da na kashe wani a ranar. Gwiwar hannun wani ta same ni a baki, na ji haƙorina ya karye. Ta tsakanin ƙafafunsu ina ganin Baba yana rarrafe, ba gudu yake nema ba, takarda yake laluba. Yana ta maimaita maganar nan tasa, bakinsa duk jini.

Sai ga Mai Walda, ƙanin mijina, yaron da na sha zuba wa abinci, ya ratso da guntun rodi. Ya sauke masa ɗaya a haƙarƙari. Na kama rigarsa ya hankaɗe ni, ya sauke na biyu a ka. Har yau ina jin ƙarar. Baba ya daina magana, jini ya biyo gefen kunnensa ya jiƙa ƙasa, su kuma jarumawan suka fara sulalewa kowa na duban wani wuri.

A asibiti aka ce haƙarƙari sun karye, jini kuma ya taru a kai, kuma shekarunsa ba za su ɗauki aiki ba. Da ya farfaɗo ya tubure sai an mai da shi ɗakinsa. 'Yarsa Auta, wadda ke koyarwa a wani gari, ta iso a ranar. Ni da ita muka bi layi muna tsintar takardun, wasu a kwata, wasu ƙarƙashin mota. Ta shanya su suka bushe, sannan ta hau benci a tsakiyar layi ta karanta daga shafi na uku har ƙarshe, cike da fushi. Ashe duk hujjar da ya ba 'yan tsallake ya bi ta ya karya, da tsohuwar taswira da shaidar dattawansu su kansu. Maza suka yi tsuru-tsuru. Ni dai ban ji tausayin kowa ba. Mai Walda ya ɓuya, na je na faɗa wa 'yan sanda abin da idona ya gani, mijina ya daina yi mini magana.

Washegari da yamma Ciyaman na ƙungiya ya zo da dattawa. Suka ba da haƙuri mai tsawo, suka zagi yaran zamani. Ina cewa shi ke nan, sai Ciyaman ya gyara murya ya ce duk da haka, da an cire shafin nan na biyu da ya fi, kada kwamiti ya gani a ba abokan gaba makami. Gobe ne ranar ƙarshe ta miƙawa.

Baba ya daɗe yana tara numfashi.

"In na cire maganarsu, da wa nake gardama? Da iska?"

Ciyaman ya ce ya dai sake tunani, za su dawo da safe. Bayan sun fita Auta ta durƙusa gaban gadon.

"Baba, shafin nan ne ya kai ka ga haka. Ka bar su su cire, don Allah."

Ni ma na sa baki, na ce takarda ce fa kawai. Ya harare ni da idon da bai kumbura ba, ya juya fuska bango.

Da gari ya waye magana ta ɗauke masa. Ya nuna takardun, Auta ta zauna a bakin gado ta fara karanta masa, ni ina goge masa goshi da tsumma. In ta tsallake kalma ko ta haɗe jimla biyu sai ya ɗaga ɗan yatsa daga kan zanin gado, ta koma ta gyara. Da ta gama shafin farko ta dube ni, ta haɗa shafi biyu ta juya, ta shiga na uku kamar ba komai.

Yatsan ya tashi. Ta ci gaba, bai sauka ba. Yana karkarwa, jijiyar hannunsa ta miƙe, amma yana nan a tsaye. Sai ta fashe da kuka ta koma baya. Ta karanta hujjojin 'yan tsallake duka, a hankali, ba ta bar ko kalma ba, sannan yatsan ya kwanta.

Bai sake tashi ba. Tana tsakiyar bayanin taswira na ji goshin ya canza a ƙarƙashin hannuna, na duba ƙirjinsa na gane. Na bar ta ta kai ƙarshe. Ta ɗago ta ce, "Baba, yau babu gyara?" Sai ta ga fuskata.

A waje Ciyaman na ta sallama. Na rufe wa Baba ido na ja zani. Auta ta tattara takardun ta buga gefensu a gwiwarta har suka daidaita, shafi na biyu na wurinsa da sawun takalmi a tsakiyarsa, ta miƙe tana neman abin maƙale su a kan teburinsa.