Darasin Taɓin Hankali

Auta tana aji uku a sashen nazarin halayyar ɗan Adam lokacin da aka zo darasin taɓin hankali. Malamar ta haska alamomin a bango da majigi: jin muryoyi, zargin mutane, ƙaurace wa jama'a, rashin barci. Tana goge gilashinta ta ce, "Wani lokaci yakan bi jini. Kuma galibi a shekarunku yake fara nunawa."

Wani daga baya ya ce, "Malama, ai rabinmu sun riga sun kamu!" Aji ya kwashe da dariya.

Auta kam ba ta yi dariya ba. Mahaifinta ta tuna, wanda ya shekara shida yana toshe ramin makulli da takarda don kada a leƙo shi, har Allah ya karɓi ransa. A gida "ciwon Baba" kawai ake cewa, sai a sauya zance.

Tun daga ranar ta shiga gadin kanta. In ta ga ƙawaye suna raɗa, sai ta tambayi zuciyarta ko da ita suke, sannan ta tsorata da tambayar. Barci ya ƙaurace mata. Ran Laraba da hantsi, tana ɗakin karatu tsakanin kantocin littattafai, ta ji an ce, "Auta." A hankali, dab da kunnenta. Ta waiwaya, babu kowa sai fanka na juyawa. Kuma duk makarantar babu wanda ya san ta da wannan suna, a gida kawai ake kiranta da shi.

Ta zauna a ƙasa, gumi na tsattsafo mata. Kwana uku ba ta leƙa lacca ba, da ta tuna cewa wannan ma yana cikin alamomin, sai ta kira yayarta a waya, tela ce a wancan gefen gari.

"Yaya, Baba shekararsa nawa lokacin da abin ya fara taɓa shi?"

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Ashirin da biyu, in ji Mama. Ya lafa, ya dawo daga baya. Ke, me ya kawo wannan tambaya?"

Watan jiya Auta ta cika ashirin da biyu. Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Kafin azahar Yaya ta iso, zare maƙale a gyalenta, ta tasa ta gaba zuwa asibiti. Likitan ya ɗauki kusan awa guda yana tambayoyi. Sau nawa ta ji muryar? Ta umarce ta da wani abu? Awa nawa take barci? Auta na amsawa tana kallon bironsa.

Daga ƙarshe ya ce, "Abin da na gani tsoro ne da gajiya. Mutum ya ji an kira sunansa sau ɗaya, bayan kwanaki ba barci, wannan yana faruwa da masu lafiya."

"To ba zan kamu ba ke nan?"

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Ki riƙa zuwa duk wata muna dubawa. In ma ya zo, akwai magani, kuma da wuri za mu tare shi."

Auta ta so ya ce fiye da haka. Suka fito bakin titi, motoci na ta wucewa. Yaya ta damƙe wuyan hannunta za su tsallaka.

"Yaya, sake ni mana, ana kallonmu."

"A kalla. Kayanki za mu kwaso, a wurina za ki zauna har ki gama jarrabawa."