Baba Attaher Ya Tafi Kallon Barewa

"Ka gyara katifar nan, Hashimu, ba buhun albasa ka ɗauko ba," in ji Baba Attaher, ina ciccibarsa zuwa bayan mota.

Buhun albasa ma ya fi shi nauyi. Kwana biyu kafin nan likita ya sallame shi, irin sallamar da ake cewa a je gida a yi ta addu'a. Amma ga shi ya sha baƙin rawaninsa mai ƙyalli, har shunin ya fara kama masa kunci, sai ka ce ɗaurin aure za mu.

Safi, 'yarsa, ta fito da matashin kai da bido biyu na ruwa, wato jarka, tana mita. "Baba, wane mai rishin lahiya ka tahiya kallon barewa?"

"Ni ne na farko. Shiga mu tahi."

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Tahoua, shekaru ina shan shayinsa ina shan tsiyarsa. Ni direba ne, ina da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ina jigila tsakanin Tahoua da kasuwannin arewa. Shi kuwa makiyayi ne, an haife shi a kwarin Amalaw, can gaba da Takanamat. A nan ya yi kiwo, a nan ya binne matarsa Aminata a gindin wata aduwa. Sai wani proje na Turawa ya zo ya zagaye kwarin da waya, wai za a raya barewa. Aka kwashe mutanen wurin da awakinsu, aka ce su ne ke ɓata daji.

Abu ɗaya tsohon nan yake so a duniya, a kwantar da shi kusa da Aminata. Ni na kai shi buro, ofishin projen, ya roƙa. Aka ce ba a haƙa ƙasa a cikin waya, kuma amsar irin wannan magana sai ta fito daga Turai. Ya ce musu, "To, ku gaya ma Turai ta yi sauri, ni ban da lokaci." Turai ba ta yi sauri ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar nan, shi kuwa dariya ya yi ta yi har gida.

Daga baya ya ji cewa ran Asabar ana barin 'yan kallo su shiga, daga hantsi zuwa la'asar. Shi ke nan fa, ya tasa ni gaba. Na ɗauka ziyarar kabari kawai zai yi.

A hanya bakinsa bai huta ba. Ta tagar baya yake ba ni labarin ubansa, wanda ya riƙa ɗaukar wa wani kumandan bindiga a zamanin mulkin Faransa. "Daga cikin mota shike harbin barewa, Hashimu, har sai sun cika baya. Ubana ya sare reshe guda don awaki, anka ɗaure shi. Yanzu jikokin kumandan sun dawo suna tambaya wa ya cinye barewa. Wai mu."

A bakin ƙofar waya muka tarar da Moussa, babban gardin wurin. Shi ma haifaffen kwarin ne, Baba Attaher ne ya yanka ragon sunansa. Ya durƙusa ya gaishe shi da Tamashek, yaren Buzaye, ya kasa ɗaga ido.

"Ɗan kallo nike yau," in ji tsohon. "Nuna mini hanya, kar in ɓace."

Akwai wani Bature matashi a wurin, mai kula da proje, mai fara'a ba laifi. Da ya ga rawanin sai ya ɗauko abin hotonsa, ya sa Moussa ya tambaya ko zai yarda. Baba Attaher ya gyara amawali ya miƙe wuya. Bayan an ɗauka ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Rawanina suna so. Kan da ke ciki ne ba su da wurin ajewa."

Aduwar na nan, tulin duwatsun Aminata na nan, ciyawa ta tsiro a tsakaninsu. Muka shimfiɗa masa katifa a gefen kabarin. An hana hura wuta a ciki, don haka Safi ta zuba masa shayi daga falas. Ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Aminata, kin ga abin da sunka maishe ni? Shayin falas." Sai ya koma Tamashek, ya daɗe yana ba ta labari yana murmushi. Safi ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Barewa kuwa mun gani, guda uku, can nesa. Ya ce sun yi ƙiba, ya yi musu barka.

Da la'asar ta yi Moussa ya zo a kan babur. "Baba, lokaci ya yi."

"Na sani, ɗana. Shi nike jira."

Na sunkuya zan ɗaga shi, sai na ji tafin ƙafarsa ya yi sanyi, numfashinsa ya sauya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tafiya ya san wannan numfashin. Kuma a wurinmu, Bahaushe ko Buzu, ba a jijjiga mutum a mota in ya kai nan. Ana juya shi gabas ne a zauna da shi.

"Baba, dama shirinka ke nan?" na ce.

"Kai dai ka cika jinkirin ganewa, maƙwabci. Motoci nawa ne a unguwarmu? Taka ce kaɗai ba ta rabuwa da shebur."

Gaskiya ne. Mai bin rairayin arewa ba ya fita ba shebur da diga. Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, sai na yi duka biyun.

Moussa ya tsaya, hularsa ta aiki a hannu. Yara biyar gare shi, kuma albashin nan ne abincinsu. Tsohon ya dube shi. "In za su kore ka, ka ce a ɗauke ni. Ba ni riƙe ka da komi."

Moussa ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan tsohon a cinyarsa, ya fara laƙƙana masa kalmar shahada. Rana ba ta faɗi ba Baba Attaher ya cika.

Da Safi ta zare matashin kan, sai ta ji shi da tauri. Ta farke bakinsa. Likkafani ne a ciki, a ninke, da turare. Bido biyun da ta yi ta mita a kansu tun safe kuwa na wanka ne.

Mutanen daji ba su yawo da gawa. Inda mutum ya faɗi, nan ne ƙasarsa. Moussa ya hau babur ya dawo da sauran gardawa huɗu, dukansu 'ya'yan kwarin, da wani malami daga zangon da ke bayan waya. Baturen ya biyo su a mota. Ya ga shebur a hannuna, ya yi magana da sauri da Faransanci, ya ɗaga wayarsa sama yana neman rezo don ya samu kiran Turai.

Moussa ya amsa masa a hankali, sannan ya faɗa mana abin da ya ce. "Na ce mishi ɗan kallo ne ya rasu muna. Shi yi ta kiran Turai, mu za mu yi abin da ake yi. Gobe in shina son hular, ga ta."

Baturen ya dubi tulin duwatsun Aminata, ya daɗe yana dubansa. Ina jin bai taɓa sanin cewa kabari ne ba. Bai ce a haƙa ba, bai ce a bari ba. Ya koma jikin motarsa ya tsaya, wayar a aljihu.

Muka haƙa, muka yi sahu, muka sallace shi. Kowa ya kawo dutse. Na yayyafa ragowar ruwan bido a kai, Safi na zaune can jikin mota tana kallo.

Da muka juya za mu fita na duba madubi. Katifar na baya ba kowa a kanta. A gindin aduwa ga tulin duwatsu biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya busasshe, ɗaya da danshi.